John Flynn: Mutumin da ya sa likita hawa jirgin sama zuwa ƙauye

A ƙarshen watan Yulin 1917 wani matashin makiyayi mai suna Jimmy Darcy ya faɗo daga kan doki a wani gandun kiwon shanu da ke yankin Kimberley, can arewa maso yammacin ƙasar Ostireliya. Ya ji mummunan rauni a cikinsa. Abokan aikinsa suka ɗora shi a keken doki, suka yi ta fama da hanya mai gargada har suka isa ƙauyen Halls Creek, inda babu likita, babu nas, babu ko ɗakin shan magani. Abin da ƙauyen ke da shi shi ne gidan waya da mai kula da shi, Fred Tuckett, wanda ya taɓa yin ɗan kwas na ba da agajin gaggawa.

Tuckett ya buga wayar tangaraho zuwa Perth, babban birnin jihar, ya samu wani likita mai suna Dakta John Holland. Tsakanin Halls Creek da Perth kusan kilomita 2,000 ne idan an auna a miƙe ta sama, wato tazarar Kano zuwa Legas sau biyu da ɗoriya. Likitan ya karanta bayanin da aka aiko masa, ya gane mafitsarar yaron ce ta samu matsala, kuma idan ba a yi masa tiyata nan take ba, ba zai kai labari ba. Haka mai gidan waya ya ɗauki 'yar wuƙar aljihu da reza ya yi aikin, likita na aiko masa da umarni kalma bayan kalma ta waya.

Darcy ya tsallake tiyatar. Amma bayan 'yan kwanaki jikinsa ya rikice, sai Dakta Holland ya yanke shawarar zuwa da kansa. Ya shiga jirgin ruwan dakon shanu zuwa garin Derby, daga nan ya hau mota, da mota ta gaza ya koma keken doki. Tafiyar ta ci masa kusan mako biyu. Da ya isa, sai ya tarar rai ya yi halinsa tun jiya. Binciken gawa ya nuna aikin da mai gidan waya ya yi bai da laifi, zazzaɓin cizon sauro ne ya ƙarasa yaron.

Jaridun ƙasar sun yayata labarin duk da ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutane suka yi jimami, suka koma harkokinsu. Wani limamin coci mai suna John Flynn ne ya riƙe zancen, ya yi shekara 11 yana bin sa har ranar da jirgin likitan da ya kafa ya tashi zuwa ƙauye a karon farko.

Ɗan malamin makaranta

An haifi Flynn ranar 25 ga Nuwamban 1880 a Moliagul, wani ɗan ƙauyen masu haƙar zinariya a jihar Victoria. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙaramin yaro, dangi suka riƙe shi na wani lokaci kafin ya koma hannun mahaifinsa. Da ya gama sakandare babu kuɗin shiga jami'a, don haka shi ma ya kama koyarwa. A lokacin ne ya koyi abubuwa biyu da suka yi masa rana daga baya: ɗaukar hoto da agajin gaggawa.

A 1903 ya fara karatun zama limami a cocin Presbyterian, yana karatu yana aiki a ƙauyukan masu saran katako da makiyaya. A 1910 ya wallafa wani ɗan littafi na aljihu don mazauna daji, wanda ya haɗa addu'o'i da bayanin yadda ake kula da wanda ya ji rauni kafin a samu likita. An naɗa shi limami a 1911, aka tura shi Beltana, wani ƙaramin gari da ke fiye da kilomita 500 a arewa da birnin Adelaide. A nan ya fara ganin yadda rayuwa take a ƙungurmin tsakiyar ƙasar, wanda mutanen can ke kira Outback.

Sai an san girman Ostireliya kafin a fahimci abin da ya gani. Ƙasar ta ninka Najeriya sau takwas a faɗi, amma a lokacin mutanen da aka ƙidaya a cikinta ba su kai miliyan biyar ba, kuma galibinsu na zaune ne a biranen bakin teku irin su Sidni da Melbon. Tsakiyar ƙasar fako ce da hamada. Akwai gandayen shanu da tumaki masu girman gaske, kowane da 'yan mutane ƙalilan, kuma maƙwabci mafi kusa na iya kasancewa tafiyar yini biyu a kan doki. Mace mai naƙuda, ko yaron da maciji ya sara, ko lebura da ya karye a ramin haƙar ma'adinai, duk abin da ake iya yi musu shi ne a ɗora su a keken doki a kama hanya, ko a zuba musu ido.

A 1912 cocin ya tura Flynn ya zagaya yankin arewacin ƙasar ya kawo rahoto. Rahoton ya sa aka kafa wata hukuma mai suna Australian Inland Mission a shekarar, aka ba shi shugabancinta, kuma a kan wannan kujera ya zauna har mutuwarsa. Ya tura limamai masu yawo a kan raƙuma da dawaki, ya kuma shiga gina ƙananan asibitoci da ma'aikatan jinya mata ke kula da su, a wurare irin su Oodnadatta da Port Hedland da Birdsville da Alice Springs. Shi kansa Halls Creek ya samu nasa bayan mutuwar Darcy. Ya kafa mujalla mai suna The Inlander, yana cika ta da hotunan da ya ɗauka da taswirori, don mutanen birni su ga inda kuɗinsu zai tafi.

Asibitocin sun taimaka, amma da sauran rina a kaba. Nas na iya ɗaure rauni ta karɓi haihuwa, sai dai ba za ta iya tiyata ba. Kuma majiyyacin da ke nesa da asibitin da kilomita 300 bai ga wani canji ba.

Wasiƙar wani soja

A cikin shekarar da Darcy ya mutu, Flynn ya samu wasiƙa daga wani matashi mai suna Clifford Peel, ɗalibin koyon aikin likita wanda ya shiga rundunar sojan sama. Peel ya yi masa lissafi dalla-dalla: gudun jirgin sama, nisan da zai iya ci kafin ya sha mai, da abin da za a kashe. Ya nuna masa cewa tafiyar da ke cin kwanaki a ƙasa, jirgi zai yi ta cikin sa'o'i. Wannan fa shekara 14 kacal ke nan da tashin jirgin sama na farko a duniya, lokacin da yawancin mutane ke kallon jirgi a matsayin kayan yaƙi ko kayan masu ganganci. Flynn ya buga bayanin a mujallarsa. Peel bai ga abin da ya biyo baya ba, domin an kashe shi a fagen daga a Faransa cikin Satumban 1918, saura 'yan makonni a gama yaƙin.

Flynn ba likita ba ne, ba matuƙin jirgi ba ne, ba kuma injiniya ba. Baiwarsa ita ce naci, da iya gano mutumin da ya san abin da shi bai sani ba, ya manne masa har sai ya ba da kai. Haka ya yi da Hudson Fysh, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin jiragen Qantas a 1920, lokacin kamfanin bai wuce 'yan jirage ƙalilan masu dakon wasiƙu a yammacin jihar Queensland ba. Haka ya yi da Hugh Victor McKay, attajirin da ya yi arziki da ƙera injin girbi. Da McKay ya rasu a 1926, sai aka samu fam 2,000 daga dukiyar da ya bari don a gwada wannan aiki, da sharaɗin cocin ya nemo ƙari. Aka shiga neman gudunmawa coci-coci, gari-gari.

Jirgi ba tare da kira ba

Ba a wajen jirgin gizo ke saƙar ba, kuma a ganina nan ne Flynn ya fi sauran masu wannan tunani hangen nesa. A ce ga likita, ga jirgi, ga mai a tanki. To ta yaya likitan zai san cewa wata mata na zubar da jini a wani gandu mai nisan kilomita 400? Wayar tangaraho garuruwa ƙalilan ta ratsa. Idan sai an hau doki an yi kwana biyu kafin a isa inda waya take, jirgin ya rage rabin tafiya ne kawai, kuma rabin da ya rage ya isa ya kashe mutum.

Saboda haka Flynn ya koya wa kansa harkar rediyo. A 1925 ya ɗauki wani masanin rediyo mai suna George Towns, suka loda kaya a mota suka ratsa daji suna gwaji. Wutar da za su yi amfani da ita daga motar suke samu: sai su ɗaga tayar baya da jak, su haɗa ta da janareto, su tayar da inji. Gwajin ya nuna saƙo na tafiya, amma ba wanda zai ce wa matar makiyayi ta riƙa ɗaga mota kafin ta kira likita. Ana buƙatar na'ura mai araha, mara nauyi, wadda ba ta buƙatar lantarki, kuma wadda mutumin da bai taɓa ganin rediyo ba zai iya sarrafawa.

Mutumin da ya warware wannan ƙulli shi ne Alfred Traeger, wani matashin injiniya daga Adelaide, mai ƙarancin magana. Shi da Flynn sun yi gwaji a 1926 tsakanin Alice Springs da Hermannsburg, saƙo ya isa, amma batura masu nauyi suka zama cikas. Traeger ya koma ya gwada janareton da ake juyawa da hannu, sai ya ga mai juyawa ba shi da hannun da zai aika saƙo, dole sai mutum biyu. Daga nan dabara ta faɗo masa: a juya janareton da ƙafa. Ya ɗauki feda irin ta keke ya haɗa da ƙaramin janareto a ƙarƙashin tebur. Mutum na zaune yana taka feda, hannayensa na aika saƙo.

An kafa irin wannan rediyo na farko a 1929 a gandun Augustus Downs, arewa da garin Cloncurry, kuma uwargidan gandun ce aka koya wa amfani da shi. Da farko sai da alamomin Morse ake aika saƙo, irin ƙwanƙwasar da masu tangaraho ke yi, abin da ya wahalar da mutane da dama. Traeger ya sake ƙera wani abu kamar tafireta, idan ka danna harafi ya mayar da shi alamar da ta dace. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 aka koma magana da baki kai tsaye, kamar oba-oba.

Wani amfani ya ɓullo wanda ba a yi lissafinsa ba. Matan gandaye, waɗanda wasunsu kan yi watanni ba su ga wata mace ba, suka samu lokacin da ake sakar musu layi su yi hira da juna. Har aka laƙaba wa wannan zama sunan wani tsuntsu mai yawan surutu da ake kira galah. Flynn dai tun farko yana ɗaukar kaɗaici a matsayin cuta, don haka wannan bai saɓa wa manufarsa ba.

Tashin farko

Jirgin ya riga rediyon fara aiki da shekara ɗaya. Ranar 17 ga Mayun 1928 wani jirgi ƙirar DH.50 da aka raɗa wa suna Victory ya tashi daga Cloncurry zuwa Julia Creek, tazarar kilomita 137. Matuƙin shi ne Arthur Affleck, likitan kuma Dakta Kenyon St Vincent Welch, wanda ya baro aikinsa a Sidni. Qantas ne ya ba da hayar jirgin da matuƙinsa a kan sule biyu kowace mil.

Jirgi ne na katako da yadi, mai inji ɗaya, yana gudun kusan kilomita 130 a sa'a. Matuƙi na zaune a baya a buɗe, iska na dukansa, likita da majiyyaci na cikin ɗan ɗaki a gabansa. Babu rediyo a cikinsa. Kamfas ne da idanu: matuƙi na bin kogi, ko shingen waya na gandu, ko turakun tangaraho, har ya gane inda yake. Filin sauka kuwa duk inda aka samu fako mai laushi ne, ko wani fili da mutanen gandu suka share cikin gaggawa. A shekarar farko jirgin ya tashi sau 50, ya ci kusan kilomita 32,000, aka duba marasa lafiya fiye da 200.

Zaɓen Cloncurry ma abin lura ne. Daga nan zuwa Brisbane, babban birnin jihar, kusan kilomita 1,500 ne a miƙe. Jirgi mai irin wannan gudu zai kwashe fiye da sa'a 11 a sama, ban da tsayawa shan mai, kuma ba ya tashi da dare sai dole. Ke nan ko da jirgi, birni ya yi wa ƙauye nisa. Abin da Flynn ya yi shi ne ya bar birni inda yake, ya ajiye likita da jirgi a wani matsakaicin gari da ke tsakiyar gandaye, wanda ke da asibiti da filin jirgi da waya. Daga nan jirgi na iya kaiwa ko'ina a kewaye cikin sa'o'i biyu ko uku, ya dawo da majiyyaci kafin faɗuwar rana.

Da rediyo ya yaɗu, sai aka ga cewa galibin kiraye-kirayen ma ba sa buƙatar jirgi ya tashi. Likita na zaune a Cloncurry yana tambaya, ana ba shi amsa, ya faɗi abin da za a yi. A 1942 aka fito da akwatin magani iri ɗaya da ake ajiyewa a kowane gandu, kowane magani da lambarsa, likita sai ya ce a ɗauko lamba kaza a ba da ƙwaya kaza. Daga baya wata nas mai suna Lucy Garlick ta zana hoton jikin mutum da aka raba shi gida-gida, kowane da alamarsa, don majiyyaci ya iya faɗin inda ke masa ciwo ba tare da kame-kame ba.

Shekarar gwaji ɗaya aka shirya, kuma tana ƙarewa tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929. Aikin ya sha da ƙyar. Flynn ya gane cewa cocinsa kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin ƙasa baki ɗaya ba, sai ya yi abin da ba kowane mai kafa abu ke iya yi ba: ya matsa a fitar da aikin daga hannun cocin, a mayar da shi na ƙasa, kowace jiha da reshenta, gwamnati na tallafawa. An fara hakan a 1934. Kafin ƙarshen shekarun 1930 an buɗe sansanoni a Wyndham da Port Hedland da Kalgoorlie da Broken Hill da Alice Springs. Wyndham na cikin yankin Kimberley, yankin da Darcy ya mutu.

Inda aikin bai kai ba

Masu yabon Flynn kan wuce wani babi da sauri, amma bai kamata a wuce shi ba. Dajin da ake cewa babu kowa a cikinsa, akwai masu shi: 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, da suka yi dubban shekaru a wurin kafin zuwan Turawa. Su aka ƙwace wa ƙasa aka yi gandayen, su ne kuma leburorin da ke kiwon shanun. Hukumar da Flynn ya shugabanta an kafa ta ne don Turawa mazauna daji, cocin ya bar al'amarin 'yan asalin ƙasa a hannun wani sashe daban.

Flynn ya taɓa yin rubutu a mujallarsa a 1915 yana sukar yadda ake wulaƙanta su, kuma likitocin jirgi sun duba marasa lafiya daga cikinsu tun farkon aikin. Duk da haka, a shekarun 1930 wani likita ɗan cocinsa, Dakta Charles Duguid, ya zagaya yankin ya dawo yana zargin hukumar da yin watsi da su a asibitocinta. Suka yi saɓani mai zafi, Duguid ya je ya jagoranci kafa wata cibiya ta daban a Ernabella a 1937. Har yau masana tarihin ƙasar na muhawara kan yawan laifin da za a ɗora wa Flynn shi kaɗai. Abin da ke a fili shi ne, mutumin da ya iya shawo kan attajirai da 'yan siyasa da kamfanin jirage bai sa irin wannan naci a kan wannan batu ba.

Ya yi aure a makare, a 1932, yana da shekara 51, ya auri Jean Baird, sakatariyar hukumarsa. Daga 1939 zuwa 1942 ya riƙe shugabancin cocin Presbyterian na ƙasar baki ɗaya. Ya rasu a Sidni ranar 5 ga Mayun 1951 sakamakon cutar kansa, yana da shekara 70. Wata guda bayan rasuwarsa aka buɗe makarantar koyar da yaran gandaye ta rediyo a Alice Springs, a kan layin da aka shimfiɗa don kiran likita. A 1955 Sarauniyar Ingila ta amince a ƙara wa aikin laƙabin sarauta, ya zama Royal Flying Doctor Service, sunan da yake amsawa har yanzu. Hoton Flynn na kan takardar kuɗin ƙasar ta dala 20.

Bisa wasiyyarsa, an kai tokar gawarsa gindin dutsen Gillen, kusa da Alice Springs, aka binne. Don a girmama shi, aka ɗauko wani ƙaton mulmulallen dutse daga Karlu Karlu, wuri mai nisan kusan kilomita 400 a arewa, aka ɗora a kan kabarin. Ba wanda ya tambayi masu wurin, alhali a wajen 'yan asalin yankin waɗannan duwatsu masu alfarma ne, ba a taɓa su. Sun yi shekara da shekaru suna neman a mayar musu da abinsu. Sai a 1999 aka ɗauke dutsen aka mayar da shi inda aka samo shi. Wanda ke kan kabarin yanzu, mutanen Arrernte, 'yan asalin yankin Alice Springs, su suka zaɓo shi daga ƙasarsu suka bayar.